Yadda Za Ka Sha Maganin Kitsen Jini Ta Bakin Sanka

Magana ta cika Kasuwar Shanu ta Potiskum cewa akwai wani sinadari, bita-gulukan, a cikin sha'ir da hatsin Turawan nan da ake kira ot, mai rage kitsen jini, kuma wai ba dole sai mutum ya ci da bakinsa ba, dabbarsa na iya ci masa. Ni tsohuwa ce, ji ba ya isata, sai na gani. Ban ma yi nisa ba, a gidan ƙanena Babaji, dillalin shanu, na tarar ana gwajin. Ga hanyar yadda na gan ta. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawarin wani zai yi ƙiba da sheƙi.

1. Samo likitan da za ka yi wa gardama

Je asibiti a auna jininka. Likita zai ce kitse ya yi yawa, ka bar tozo, ka riƙa shan kunun ot ko na sha'ir, in ba haka ba shanyewar ɓarin jiki na nan tafe. Idan yayarka ta tuna maka cewa wannan ciwon ne ya kayar da mahaifinku ana tsakar ciniki, bai sake ɗaga hannun dama ba har ya koma ga Allah, ka ce mata: "Adda, Baba fa bai san bita-gulukan ba." Ka faɗi sunan da ƙarfi. Magani mai wuyar suna rabin aikinsa a baki yake.

2. Ka ƙi yauƙi

Matarka za ta dama kunun. Ɗaga cokali, dubi yadda yake zarara, ka ture kwanon. Haka Babaji ya yi wa matarsa Ramlat.

"Wannan majina ce ko abinci?"

"Alhaji, jiya fa kwano biyu na miyar kuɓewa ka tashi da su."

"Kuɓewa ta san ni, na san ta. Wannan baƙo ne."

Kada ka bari a gaya maka yauƙin nan shi ne maganin. Namiji ba ya karɓar ilimi daga murhu.

3. Nemo hujja wurin mai furfura

Kana buƙatar aboki irin Joda, tsohon makiyayin da ya dawo gari da zama, wanda bai taɓa rasa amsa ba. Na ji shi da kunnena a zaure.

"Babaji, saniya ta ci ciyawa mai ɗaci, nononta yaya?"

"Ɗaci."

"To, sa ya ci magani, namansa yaya?"

Babaji ya ce, "Allahu Akbar." Na ce daga bayan labule, "Joda, ashe wanda ya ci kaza ya ci tsakuwa ke nan?" Ya ce, "Adda, boko ya ɓata ki." Ka riƙe wannan amsar, tana rufe kowace irin ƙofa.

4. Ɗaure majinyacin a turke

Zaɓi sa mai ƙaton tozo. Juye masa ot ɗin a cikin dusa safe da yamma, a kan lokaci, don magani ba ya son wasa. Idan likita ya tambaya ko ana shan kunun, ka ce, "Wallahi ba a fashi." Ba ka yi rantsuwar ƙarya ba. Bai tambayi wa ke sha ba.

5. Duba lafiyarka a jikinsa

Kowace safiya ka shafa bayan san, ka matsa cinya, ka buɗe baki ka duba haƙora. In gashinsa na ƙyalli, ka samu sauƙi. Ranar da san Babaji ya yi atishawa, Babajin ne ya kwana da bargo, har Ramlat ta karɓi 'yan dubiya daga garin Mamudo. Sai da suka gaishe shi, aka zagaya da su turke suka yi wa san sannu.

A wannan lokacin ka ci gaba da cin tozon wasu shanun, don kada ciki ya manta hanya.

6. Sha maganinka da wuƙa

In sa ya cika, kira mahauci. Raba wa maƙwabta jan nama, su ai lafiyarsu ƙalau. Tozo da kitsen ciki naka ne kai kaɗai, domin a cewar Joda, abu mai daraja a tozo yake taruwa. Idan matarka ta tsaya a kanka da hawaye tana cewa, "Alhaji, ka dubi yaran nan," ka ce saboda su kake dagewa, ka miƙa hannu a ƙaro yaji.

7. Koma asibiti da hujja a aljihu

Sakamakon ba zai yi maka daɗi ba. Kada ka ruɗe. Ka ce san ne ya yi ha'inci, ko maganin a fata ya tsaya kuma an sayar da ita. Da likita ya rubuta wa Babaji ƙwayar da zai riƙa sha kullum, ya juya takardar ya tambaya a natse: "Likita, wannan in an daka ta, tana haɗuwa da dusa?"

Likita ya cire tabarau ya dube ni, ni da na rako shi. Na dubi silin.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan hanya, shi da jijiyoyinsa. Ba ruwana, ba ruwan mahauci, san kuwa ba ya nan balle a tambaye shi.

Bita-gulukan yauƙi ne da ke aiki a hanjin wanda ya ci shi. Yana riƙe ruwan maɗaciya ya fita da shi, sai hanta ta ja kitse daga jini ta yi wani. Kimanin giram uku a rana na rage kitsen jini kaɗan, ba ya maye gurbin ƙwayar likita. Wanda sa ya ci, a tumbinsa yake narkewa, babu ko ɗigo a nama. Kitsen jinin Babaji ya ƙaru.