Kunnen Zinariya da Alfadarin Talata

Allah ya yi wa jihar Vermont ta Amurka baiwa uku: duwatsu, zumar itacen maple, da kunnen Thaddeus Prewitt. Biyun farko ana iya samun irinsu a wani wuri. Na ukun kuwa babu irinsa a duniya, kuma shi da bakinsa ya tabbatar mana.

A ranakun aiki yana gyaran injin yankan ciyawa a garinmu, amma wannan ɓad-da-kama ne kawai. Ainihin muƙaminsa shi ne mai ɗaukar sautin wasannin Kabewa Bakwai, makaɗan nan da ba sa kaɗa waƙa da salo ɗaya sau biyu, waɗanda in suka shiga waƙa ɗaya sai ka gasa burodi da cuku, ka ci, ka wanke hannu, ba su fito ba. Wasa ɗari uku da goma sha biyu ya halarta. Ba sai ka tambaya ba. In ka kai masa inji, kafin ya duba fulogi ka ji adadin. Mu muka laƙaba masa Kunnen Zinariya don tsokana, shi kuwa ya kai aka ɗinka masa a gaban hula.

A da masu ɗaukar sautin su huɗu ne. Ɗaya ya kore shi don yana taunar cingam. Ɗaya don rigar ruwansa tana ƙara. Na ƙarshen laifinsa numfashi. Haka aka bar wa gwani fili shi kaɗai.

Yana da aboki guda da ya jure masa, Orval Teague, tsohon direban motar madara. Shekara ashirin da biyu Orval yana bin makaɗan nan gari-gari don waƙa ɗaya, Alfadarin Talata. Ita ake kaɗawa ranar da ya taka ƙafar wata yarinya a filin rawa, ya ba ta haƙuri, ya aure ta. Matar ta rasu, makaɗan kuma ba su sake taɓa waƙar ba. Saura mako guda wasan da za su yi a gonar Bixby, Orval ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu.

Thaddeus ya je dubiya, ya tsaya a ƙafar gadon kamar mai buɗe sabuwar gada.

"Kwantar da hankalinka, aboki. Ba za su kaɗa ta ba, na yi lissafi. In ma sun kaɗa, gara ka ji ta a faifaina. Wanda ya je wasa da kunnensa ya ji; wanda ya saurari faifaina da kunnena ya ji. Ka ga kai ka ci riba da wannan karaya."

Ranar Asabar tun da hantsi ya kafa sandar makirufo a tsakiyar filin, ya zagaye ta da igiya taku goma ta kowane gefe, ya rataya allo: SHIRU, ANA ƊAUKAR TARIHI. Mutum ɗaya ya yarda ta shiga da'irar, Lorna, ƙanwar Orval, wadda ba ta taɓa zuwa irin wannan wasa ba, ta zo ne da tikitin yayanta. Sai da ya sa ta ɗaga hannu ta yi alkawarin ko tari ba za ta yi ba.

Sannan ya fito da marufin kunne, irin manyan nan na ma'aikatan filin jirgi, ya kifa a kansa. Kunne irin nasa ba a ɓarnatar da shi a zagayen farko. Zagayen farko ɗumama hannu ne, na 'yan kallo. Sai bayan hutu masana ke buɗe kunne.

Makaɗa suka hau. Mai jita ya ja, mai ganga ya bi, suka yi ta yawo cikin kiɗa kamar awakin da suka ɓalle. Can sai kiɗan ya lafa, ya juya, wani sauti a hankali ya ɓullo daga ƙasa. Filin ya yi tsit na daƙiƙa guda, sannan ya fashe. Tsofaffi masu furfura suka rungume juna. Wata mata ta zauna daɓas a ciyawa tana kuka. Mai sayar da gasasshen burodi ya bar kaskonsa yana hayaƙi ya ruga gaba.

Kunnen Zinariya ya dube su da tausayi. Ya sunkuyo wajen Lorna don ya yi mata raɗa. Sai dai wanda ya toshe kunne bai san girman muryarsa ba.

"Kin gan su? Sababbin shiga ke nan! Ko kujera aka ja sai su yi tsalle! Bari in ba ki ilimi, tunda yayanki ya ƙi ɗauka. Alfadarin Talata ta mutu. Dalilai bakwai ne. Na ɗaya..."

Lorna, wadda ta ji sunan waƙar yana yawo a bakin mutum dubu huɗu, ta ja hannun rigarsa.

"Kar ki katse ni, 'yar nan! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba! Na biyu, mai jitar ya manta ta. Ni daga yadda yake riƙe kafaɗa na gane!"

Ta nuna dandamali. Ta nuna makirufo. Ta haɗa hannu tana roƙo. Shi kuwa ya nuna mata allo, ya ɗora yatsa a leɓe, ya shiga dalili na uku. Wani saurayi ya yi atishawa daga bayan igiya, ya sha harara. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Minti talatin da ɗaya waƙar ta ɗauka. Dalilai bakwai ma haka.

Da aka tafi hutu ya cire marufin, labari ya same shi. Fuskarsa ta yi fari, amma na ɗan lokaci ne. Ya gyara hula.

"Ai na sani. Tun jiya nake jin ta a iska. Tana cikin na'ura, kuma ba wanda zai ji kafin Orval. Ni kaina ba sai na duba ba. Likita ba ya ɗanɗana magani."

Lorna ta buɗe baki, ta tuna alkawari, ta rufe. Ni dai ina zargin ba alkawarin kaɗai ta tuna ba.

Washegari da rana mu goma sha ɗaya muka cika ɗakin Orval. Ya sa an aske shi, ya sa rigar zuwa coci, ya ajiye hoton matarsa a kan bargo. Ganin hoton ya sa har masu dariya a ciki suka nutsu. Thaddeus ya jona lasifika, ya yi jawabi a kan nauyin da ke wuyan masu kunne, ya danna.

Jita ta fito a hankali, tas, kamar a ɗakin ake kaɗa ta. Orval ya lumshe ido. Daƙiƙa tara ya samu.

"KIN GAN SU? SABABBIN SHIGA KE NAN!"

A gaskiya aikin ya yi kyau. Da'irar shirun nan ta biya kuɗin igiya: ba tari, ba cingam, ba numfashin kowa. Murya ɗaya ce, garau, tana bayyana dalilin da ya sa ba za a ƙara kaɗa Alfadarin Talata ba har abada, alfadarin kuma yana can ƙasa yana ta tafiyarsa.

Thaddeus ya kai hannu zai kashe. Orval ya riƙe shi.

"Bar shi. Shekara ashirin da biyu na jira, zan leƙa ta tsakanin dalilanka."

Haka muka zauna har dalili na bakwai. Da aka gama, Orval ya share ido, ya daɗe yana juya na'urar a hannunsa, yana duba maɓallanta ɗaya bayan ɗaya.

"Thaddeus," ya ce, "kai ne masani. Wanne ake murɗawa a rage ka?"