Misis Ajuji Za Ta Ga Teku

Ranar Talata, 13 ga watan Satumba na shekarar 2011, Kaduna ta wayi gari da yayyafi mai naci, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma ba ya barin shanya ta bushe. Da ƙarfe tara da rabi Malama Hansatu na zaune a ofishin wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, jakarta a kan cinya, fasfo biyu a cikin jakar. Mijinta na gefenta, ya sha malum-malum da sassafe, ya rungume fayil mai kauri kamar wanda zai kare kansa a gaban kwamiti.

Abin da ya kawo su alheri ne. 'Yarsu Saudatu, wadda ke aikin jinya a ƙasar waje, ta saya musu tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana bakwai, zai tashi daga Dubai a watan Nuwamba. Malama Hansatu ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata. Ta zana tekunan duniya a kan allo da farin alli har ba ta san adadi ba, amma ruwan da ya fi girma da ta taɓa gani da idonta shi ne Kogin Kaduna in ya yi cikar Agusta. Ba ta faɗa wa kowa yadda take son tafiyar nan ba. Ta dai ɗinka dogayen riguna uku, ta sayi maganin amai.

Matsalar kuwa suna ce. Kafin a haifi mijinta, mahaifiyarsa ta binne 'ya'ya huɗu. Da ya zo duniya sai aka bi al'adar mutanen ƙauyensu, aka kai jaririn kan juji aka ajiye, sannan aka ɗauko, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Sunan yanka Zubairu, amma kowa Ajuji yake kiransa. Da aka kai shi firamare hedimasta ya rubuta Zubairu Ajuji. Da sunan nan ya ci jarrabawa, ya sami aiki, ya kai darakta a ma'aikatar jiha, ya fara karɓar fansho. Da shi kuma ya auri Hansatu a 1980, ya kafe a kan cewa matar ɗan boko sunan miji take ɗauka. Mahaifinta bai so ba, ita ma ba ta so ba, amma aka kankare sunan ubanta daga takardunta. Duk farkon shekara sai ta tsaya gaban sababbin ɗalibai ta ce, "Sunana Misis Ajuji," ta jira dariyar da ake ɓoyewa cikin hijabi ta lafa, sannan ta ɗauki alli.

Bara ne abin ya faru. Wata ƙungiya ta tara tsofaffin daraktoci a ɗakin taron otal ranar Asabar, ta sa musu hula mai tuntu, ya dawo gida Dakta. Ba a yi wata biyu ba wani mutum ya zo masa da doguwar takarda nannaɗe, mai zanen bishiya, wadda ta nuna kakan kakansa na tara Balarabe ne daga birnin Fas. Sai ya tafi kotu ya yi rantsuwa, ya buga a jarida cewa daga yau shi ne Dakta Zubair Al-Magribi. Ya ce ita ma ta je ta gyara nata. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wake. Da Saudatu ta bugo waya tana tambayar sunan da za ta sa a tikiti, shi ya karɓi wayar, ya ba ta sabon sunansa.

Malam Nalado, mai kula da ofishin, mutum ne mai furfura a gemu da haƙurin wanda ya daɗe yana mu'amala da manya. Ya jera fasfo biyu da tikiti biyu a tebur, ya duba, ya sake dubawa.

"Hajiya ba ta da matsala," in ji shi. "Hansatu Ajuji a fasfo, Hansatu Ajuji a tikiti. Naka ne, ranka ya daɗe, ya rabu biyu."

"Dakta," in ji mijin.

"Naka ne, Dakta, ya rabu biyu. A bakin jirgi mutum biyu za su gani. Ga Ajuji da fasfo ba tikiti, ga Al-Magribi da tikiti ba fasfo. Duk cikinsu ba wanda zai hau."

Dakta ya yi murmushin wanda ya shirya wa wannan tun a gida. Ya buɗe fayil. Ya fito da takardar rantsuwar kotu, ya fito da shafin jarida wanda aka lulluɓe da leda, ya fito da takardar digirin otal, ya warware bishiyar kakanni har ta sauko daga tebur ta taɓa takalmin Malam Nalado.

"Wannan fa?"

"Bishiya ce mai kyau, Dakta. Amma su mutanen jirgi ƙa'idarsu ɗaya ce, abin da ke tikiti ya zama shi ne a fasfo, harafi da harafi, don kowace tashar da aka tsaya sai an duba. Hanya biyu ce. Ko ka sauya fasfo, wanda ba zai kammala kafin su rufe rajista ba. Ko kowannenku ya rubuta wa wakilinsu na Legas wasiƙa, layi uku, da sa hannu da hoton fasfo. Hajiya ta tabbatar da nata, kai kuma ka ce a mayar da tikitinka yadda fasfo yake. Ta isa gare su kafin Juma'a, talatin ga wata. Wanda wasiƙarsa ba ta je ba, gurbinsa ya tafi."

"Wato in rubuta da hannuna cewa ni ne Ajuji."

"Ai kai ne, ranka ya daɗe."

"An ce mini a jirgin nan kowa da katinsa a wuya. Kuma a teburin cin abinci ana kafa sunan mutum."

"Haka ne."

"To, in je ƙasar kakannina da juji rataye a wuyana?"

Malama Hansatu ba mai magana a gaban baƙi ba ce, amma wannan ya taɓa fanninta. Ta ce a hankali, "Alhaji, tsakanin Fas da Dubai ya fi nisan Kaduna da Landan."

Bai dube ta ba. Ya nannaɗe bishiyarsa suka fita.

Kwana goma sha uku da suka biyo baya, gidan ya koma ofis. Dakta ya rubuta wa kamfanin jirgin takarda mai shafi huɗu da Turancin da ya yi ritaya da shi, ya lissafa muƙaman da ya riƙe da kwamitocin da ya shugabanta, ya rufe da ambaton lauya. Amsa ta zo bayan kwana biyu ta hannun Malam Nalado, layi biyu, kuma ta fara da gaisuwa ga Mista Ajuji. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya nemi wani tsohon abokin aikinsa wanda ya san wani a Abuja, sai aka tarar wanin ya yi ritaya tun shekara huɗu. Ya tafi wajen mai hoto aka ɗauke shi riƙe da shafin jaridar a ƙirji kamar wanda aka kama da kayan sata, ya ce a aika wa Turawan su gani da idonsu. Malam Nalado ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun tebur.

Ita kuwa tun ranar Laraba, washegarin zuwansu wajen Malam Nalado, ta buga wasiƙu biyu, kowace layi uku. Ta sa hannu a tata. Tasa ta ajiye masa a kan teburin falo, da biro a kai. Kullum da safe in ta zo share ƙura sai ta ɗaga ta, ta goge ƙarƙashinta, ta mayar.

Ranar Lahadi bayan la'asar ta same shi a baranda yana karanta shafin jaridarsa, wanda ya riga ya haddace.

"Alhaji, saura kwana biyar."

"Dakta."

"Saura kwana biyar. Wasiƙa kuma tana cin uku a hanya."

"Su za su sauko. Kamfani ba ya wasa da mutum irina."

"Sun amsa maka ai."

"Wani ƙaramin akawu ne ya amsa. Bari takardata ta kai sama."

"Mutanen da ke cikin jirgin nan, daga Bature sai Balarabe sai Ba'indiye. Wa ya san abin da Ajuji ke nufi a cikinsu?"

"Ni na sani."

"Ni ma na sani. 'Yan aji ɗaya ma sun sani, shekara talatin da ɗaya suna tuna mini. Ban mutu ba."

"Ke daban. Ke mace ce, suna ba ya damunku."

Ta tuna mahaifinta, ranar da ya ga katinta na aiki ya juya shi gaba da baya yana neman sunansa.

"To ni zan aika tawa," in ji ta.

"Ba za ki aika ba. Tare aka saya, tare za a fasa. In sun rasa mutum biyu za su san sun yi asara."

"Jirgin mutum dubu uku yake ɗauka, Alhaji."

"Na gama magana."

Ta koma ciki. Rigunan nan uku na rataye a bayan ƙofa cikin ledar tela, ko gwada su a gaban madubi ba ta yi ba. Ta tsaya ta dube su, sannan ta ɗauko ambulan ta rubuta adireshin Legas da rubutunta na allo, manya-manya, wanda ɗalibar da ke layin baya ma za ta iya karantawa.

Litinin da safe gari ya washe. Ta ce ya sauke ta a gidan waya tana da saƙo. Ya ɗauka na ƙungiyarta ta tsofaffin malamai ne, don haka ya kai ta, ya tsaya a mota yana sauraren labarai. Da layin ya yi masa tsawo sai ya shiga ya ga abin da ya riƙe ta. Ya tarar ta kai gaban taga, ma'aikaciyar na auna ambulan a sikeli.

"Legas, mai rajista," in ji ma'aikaciyar. "Sunan mai aikawa, Hajiya?"

"Misis Hansatu Ajuji," in ji ta, da muryar da take kiran rajistar aji, har mutanen da ke bayanta suka ji.

Aka manna kan sarki, aka buga hatimi, ambulan ya faɗa cikin buhu. Ma'aikaciyar ta miƙo rasit. Malama Hansatu ta ninke shi biyu ta sa a jaka, ta juyo, sai ga shi tsaye a bayanta, hula ta ɗan karkace.

Ya rage murya saboda jama'a, amma kunnuwan layin duk sun miƙe.

"Abin da na hana ki shi kika yi."

"Shi na yi, Alhaji."

"Madalla. To tunda karatun ya yi miki yawa har kin manta addini, bari in tuna miki. Mace ba ta ƙetare teku ba muharrami. Da wa za ki?"

Ta buɗe jaka ta fito da wasiƙarsa, wadda ta ɗauko daga teburin falo, da biro, da ambulan mai adireshi. Ta ɗora su a kan kantar gidan waya a gabansa, ta daidaita su.

"Da mijina zan tafi. Ga takardarsa nan, in ka gan shi ka ce ya sa hannu yau. Shi kuwa Dakta Al-Magribi, ban san waliyyin da ya ba shi aurena ba, kuma na tsufa da kwana ɗaki ɗaya da baƙo."