Rasuwar Ɗanbaƙi, Jirgin Karantina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da kunyar surukuta ta hana ni furta shi da baki, ni Isha'aku ɗan Malam Idris, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, haifaffen unguwar Karantina, mazaunin hawa na uku a wani tsohon bene da ke gefen Balad, nake sanar da 'yan'uwa da tsofaffin maƙwabta, duk inda rusau ya watsa su a cikin Jidda, rasuwar Ɗanbaƙi, kan jirgin ƙasana, tare da ilahirin garin da yake zagayawa. Ya rasu ranar Talatar makon jiya tsakanin hantsi da la'asar, a kan teburinsa, lokacin ba na gida. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙi ne wuluk, mai jajayen ƙafafu da bututun hayaƙi irin na jiragen da, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Na tsince shi a kasuwar gwanjo cikin kwandon matattun rimot da cajojin waya, ba ya motsi, ƙafa ɗaya a goce. Na yi jinyarsa da man keken ɗinki da tsinken sakace har ya miƙe. Tun daga ranar bai taɓa ba ni kunya ba. Bai nemi iƙamar zama a ƙasa ba, bai nemi kafilin da zai tsaya masa ba, abincinsa 'yar wutar da ke bin layin dogonsa. Idan ya tashi daga tasha yakan fara a hankali, cuk, cuk, cuk, kamar dattijon da ke gyaran murya, sannan ya ware, cukucuku-cukucuku, in ya zo kwanar masallaci ya saki usur ɗinsa siriri, fiiit. Iskar teku mai gishiri ta daɗe tana nemansa da tsatsa, yana haƙuri, ina goge shi kowace Juma'a kafin in goge takalmina. Duk wanda ya kira shi li'iba, wato kayan wasan yara, ya sani na ji, kuma na riƙe.

Garin da ya rasu tare da shi kuwa, Karantina ce. Lokacin da jan rubutun rusau ya bayyana a bangayenmu, kowa na ta fama da firji da katifa, ni na ɗauki buhun shinkafa na cika shi da ƙasar tsakar gidan mahaifina. An yi mini dariya a ranar, har da waɗanda daga baya suka riƙa zuwa suna leƙen gidajensu a teburina suna share hanci. A kan katako mai faɗin ƙyaure biyu na sake tayar da unguwarmu. Bangayen na kwali ne, na yaɓe su da ƙasar nan bayan na tankaɗe ta da rariyar matata Mansura, maganar da har yau ba ta mutu ba a gidanmu. Da ƙaro na kwaɓa ta, domin mahaifiyata Hajiya Haoua ta ce ba za a haɗa ƙasar gidan mijinta da gam ɗin kanti mai wari ba. Rufin kwano na yanko shi daga gwangwanin kifi, na matse shi da matajin kai har ya yi layi-layi. Na yi teburin mai tsire na bakin lungunmu da hayaƙin auduga, na yi matan da ke tallan kuka da daddawa a gindin bango, na yi motar ruwa a maƙale a lungun da kullum take maƙalewa, na yi kyanwa a kan bola, na sa koriyar fitila a hasumiyar masallaci. Ƙofar gidanmu na shafa mata shuɗi da gashin buroshi guda uku, sai da na sake sau da yawa kafin Inna ta yarda shuɗin ya yi daidai.

Na san layin dogo bai taɓa ratsa Karantina ba, ba sai masu ilimi sun wahalar da kansu wajen sanar da ni ba. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya ratsa Sudan, ya haye teku, ya sauke farali ya zauna. Na ga ya kamata zuriyarsa su sami jirgi a ƙofar gida, ko da na tafin hannu ne.

Ya kamata masu karanta wannan sanarwa su san aikin da marigayin yake yi, don su daina ce mini in sayi wani. Tun da muka hau benen nan Inna ba ta sauka ba, ƙafa ta ƙi, kuma tunaninta ya fara zuwa yana komawa. Da la'asar ta yi sai ta ɗauki mayafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in kai ta gida, wai ta bar wanki a igiya. Likita ya ba da magani, malam ya ba da rubutu, ba wanda ya zaunar da ita. Ɗanbaƙi ne kaɗai. Sai in riƙo hannunta in kai ta ɗakin, in kunna wuta, ya tashi cuk, cuk, cuk. Tana binsa da ido, tana kiran sunan mai kowane gida da ya wuce, na raye da na matattu, ba ta taɓa kuskure ko ɗaya ba, ita da wani lokacin take kirana da sunan mahaifina. In ya tsaya a shuɗiyar ƙofa sai ta ɗora yatsa a kai, ta cire mayafin, ta nemi shayi. Wannan ne aikinsa kullum, kuma ya riƙe shi da amana fiye da mutane da yawa da na sani.

Ajalinsa ya zo cikin jirgin sama daga Maraɗi, da hula da carbi da fara'a. Kawu Ismaël, yayan mahaifiyar Mansura, ya zo Umra, ya gama lafiya, ya sauka a gidanmu don ya yi sayayyar tsaraba a Balad kafin ya koma. Baƙon Allah ne kuma suruki ne, saboda haka na bar masa gadona, na yanka kaza, na sunkuyar da kai. A daren farko ya leƙa ɗakin Ɗanbaƙi ya tambaya yaran wa ke wasa a nan. Ina tsaye a gabansa da furfura a gemu.

Kowa ya san al'adar dattawanmu in sun zo ƙasa mai tsarki. Mutum ya sayi farin yadi na likkafaninsa, ya jiƙa shi da zamzam, ya shanya, ya naɗe ya kai gida ya ajiye wa ranarsa. Al'ada ce mai kyau, kakana ma ya yi, kuma kada wani ya ce ya ji Isha'aku yana sukar zamzam. A Karantina da akwai igiya a tsakar gida da za ta ɗauki likkafani goma. A nan mai gadin bene ya kulle ƙofar saman rufi ya tafi da makulli, barandarmu kuwa ko tabarmar salla ba ta ɗauka. Ranar Talata aka kira ni gyara tun da safe. Kawu ya jiƙa yadinsa a bahon wanki har yana ɗiga, ya tambayi Mansura ina zai shanya, ita kuma tana kicin ta ɗaga murya ta ce ko'ina, Kawu, ai gidanka ne. Ya zagaya ya ga babu wuri mai faɗi kamar teburin marigayi. Ya shimfiɗa jiƙaƙƙen likkafani a kan Karantina tun daga tasha har bola. Ya bi shi da tafin hannu yana dannawa don kada ya yi tattara. Da ya ga fanka na ɗaga gefe, sai ya ɗauko jarkokin zamzam ya danne kusurwoyi, ɗaya a kan gadar da jirgin ke bi, ɗaya a kan masallaci. Ya ja ƙofa ya tafi kasuwa neman turare.

Wutar teburin a kunne take, don Inna na son ganin koriyar fitilar ko da rana. Mansura ta ce ta ji wani ɗan sauti daga ɗakin, tsss, sannan ƙyas, ta zaci man girki ne. Wannan ita ce maganar ƙarshe ta Ɗanbaƙi, kuma babu wanda ya amsa masa. Ƙaro kuwa ba ya jayayya da ruwa. Da na dawo na ɗaga yadin, bangaye sun zauna, rufi ya bi su, mai tsire ya narke a kan tsirensa. Marigayin yana kwance a gefensa cikin caɓi, cikinsa ya ƙone, yana warin waya. Na buɗe shi, na busar, na yi masa duk abin da na iya a sana'ata, bai ko yi tari ba. Sau biyu ke nan ana rushe mini unguwa ina da rai. Na farko aƙalla sun yi rubutu a bango sun ba mu lokaci mu kwashe kaya.

Ina miƙa godiya, irin wadda ta dace da su, ga waɗanda suka riga suka yi mini gaisuwa. Ga Kawu Ismaël, wanda ya ce pardon, wai bai san akwai kuran, wato wutar lantarki, a jikin tabur ɗin ba, sannan ya ƙara da cewa in gode wa Allah, ba kowane kayan wasa ke samun wankan zamzam ba. Ga maƙwabcinmu Nayef na hawa na biyu, wanda ya dafa kafaɗata ya ce ma'alesh, halas, baraka ce ta sauka a gidan. Ga Mansura, wadda ta ja ni gefe ta roƙe ni da girman Allah kada in ɗaga wa kawunta murya, kada a je Maraɗi a ce mijinta ya ci mutuncin alhaji a kan gwangwanin kifi. Ban ɗaga ba. Na ce babu komai, Kawu, har na zuba masa shayi da hannuna. Ina so a sani a rubuce cewa akwai komai.

Marigayin ya bar taragu huɗu, marayu, ba mai jansu. Ya bar kyanwar bola, wadda ta tsira don da roba aka yi ta. Ya bar rabin gada, da guntun layin dogo da ya fara ja da tsatsa, da buhun shinkafa wanda babu sauran ƙasa a cikinsa, kuma babu inda za a sake ɗebowa, don wurin yanzu fili ne fetal, ni da aka haifa a can ba na iya nuna inda ƙofarmu take. Ya bar ni. Ya kuma bar Hajiya Haoua, wadda la'asar ba ta daina yi mata ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, kada wani ya kai ƙarata wurin malamai. Za a sa shi a kwalin dabino, a kankare caɓin teburin a mayar cikin buhunsa, mu ɗauka zuwa gefen filin da Karantina take a da, in yi kirdadon tsakar gidanmu in haƙa. Duk wanda ke tuna daga ina ake jin ƙamshin tsire in an fito masallaci, ya zo ya taya ni kirdado. Zaman makoki a gida tsakanin magariba da isha, akwai gahawa da dabino, matakala ba fitila, a riƙe bango. Kawu Ismaël ba zai samu halarta ba, jirginsa ranar Alhamis ne, kuma ni zan ɗauki jakunkunansa har filin jirgi, don haka aka ce ana yi wa suruki.

Game da likkafani, marigayin zai tafi ba tare da shi ba, domin wanda ya rasu a ciki ya sami mai shi. Da yadin ya bushe sai ga unguwar ta fito a jikinsa, lungu-lungu cikin launin ƙasa, da ɗigon kore, da ɗigon shuɗi. Kawu ya ce ya ɓaci, zai sayi wani a Balad, wannan a yi tsumma da shi. A ranar, da la'asar ta yi, Inna ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa, ni kuwa ba ni da abin da zan nuna mata. Ta hango yadin a hannun Mansura ta ce a kawo. Ta shimfiɗa shi a kan gadonta, ta bi layin da yatsa tana kiran sunayen mutane, har ta iso kan shuɗin ta tsaya. Ta ce, "Ga ƙofata nan. Isha'aku, ka adana mini wannan, a cikinsa za ku kai ni gida." Sunana ta kira, ba na mahaifina ba. Ta naɗe shi da kanta ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta cire mayafi, ta nemi shayi.

Masu zuwa gaisuwa za su same ta a zaune cikin natsuwa, kada su ce mini ai ga shi ta samu sauƙi. Tun ranar ba ta sake tsayawa a bakin ƙofa ba, ba ta sake cewa ta bar wanki a igiya ba, sai dai ta ɗora hannu a kan matashin tana jira. Jirgin zan iya yafe wa Kawu Ismaël wata rana, in Allah ya sanyaya mini zuciya. Wannan jiran da ya koya wa mahaifiyata ne ban ga ranar yafe shi ba.

Sanarwa daga Isha'aku Idris, a madadin iyalan marigayin da sauran mutanen lungunmu.