Rasuwar Gwaggo, Motar da Aka Fita Sayo Hulba da Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙarƙashin baƙin cikin wanda har yau bai huce ba, ni Rakiya Badamasi, mai haɗa magunguna a wani asibiti a nan Madina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Asabar da ta gabata da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, ana tsaka da ruwan sama, a wani filin tseren motoci da ke can bayan gari, wurin da ba ta taɓa zuwa ba, ba ta kuma da dalilin zuwa. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, shida daga ciki a hannuna.

Marigayiya fara ce, ƙarama, ba ta da girman kai. Na same ta a shekarar da na karɓi lasisin tuƙi, ina da shekara talatin da shida, bayan na shafe shekara tara a garin nan ina tsayuwa a bakin titi ina ɗaga wa tasi hannu, ko ina zaune da abaya a jikina ina jiran maigida ya gama shan shayi. Wanda bai taɓa jiran wani ya kai shi wurin aikinsa ba, ba zai gane abin da na rasa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da na fara tuƙa ta ni kaɗai daga unguwarmu Aziziyya zuwa asibiti, sai da na tsaya a gefen hanya na yi kuka, ita kuwa tana ta "tik-tak, tik-tak", don na manta ban kashe sigina ba.

An sa mata suna Gwaggo ne saboda ba a gaggauta ta. Da safe sai ta yi "ƙir-ƙir-ƙir" sau uku, kamar tsohuwa tana gyaran murya, kafin ta yarda ta ce "burum". In ka wuce tamanin da ita, sitiyari ya fara rawa a hannunka, ka san ta yi magana kenan. Ba ta da tsoron ido. Duk wanda ya shiga bai ɗaura bel ba, za ta sa shi gaba da "tin-tin-tin" har sai ya ɗaura, kuma ba ta taɓa ɗaga wa surukata Hajiya ƙafa ba, duk da Hajiya ta sha ce mata marar kunya.

Ta yi haƙuri da cunkoson lokacin Hajji a kewayen Harami. Ta riƙe sanyinta a zafin watan Agusta, lokacin da manyan motoci ke tsayawa a gefen titi da baki a buɗe. Ta kai Hajiya Masallacin Ƙuba ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. Na faɗi maganganu a cikinta game da shugaban sashenmu waɗanda da sun fita da tuni na koma Kano, amma ko ɗaya bai fita ba. Aibinta ɗaya da zan ambata, don sanarwa ta zama gaskiya, shi ne robar goge gilashi. Rana ta daɗe da busar da ita, kuma a garin da ruwa ke sauka sau uku ko huɗu a shekara, ban taɓa damuwa in canza ba.

Ba ta yi jinya ba. Da ƙafarta ta fita daga gida.

Safiyar Asabar ɗin ruwa ya sauko da ƙarfi, na farko bayan wata bakwai. Ina kicin maigidana ya shigo. Sunansa Ubaidullah Tahir, haifaffen Madina ne, jikan mutanen da suka zo Hajji a ƙasa suka zauna, kuma Hausarsa rabinta Larabci ne. Yana da tasa motar, baƙa, babba, amma yakan ari Gwaggo in zai shiga kasuwa saboda ƙarancin wurin ajiye mota, don haka ban yi mamaki ba da ya miƙo hannu.

"Ummu Zahra, ba ni miftah ɗin Gwaggo," ya ce. "Zan je halba."

"Cikin ruwan nan?" na ce. "Kai, Allah ya saka da alheri. Ta Hajiya ma ta ƙare tun Laraba. Ka sayo rabin kilo, mai kyau, ba wadda ta sha ƙura ba."

Ya tsaya da makullin a hannu. Ya dube ni, na ga bakinsa ya motsa kamar zai ƙara magana. Sai ya ce, "Tayyib," ya fita.

Ga masu karanta wannan sanarwa a gida, sai na yi bayani. Hulba dai ita ce wadda muka sani, wadda Hajiya ke dafawa ta sha saboda cikinta. Halba kuwa, da Larabcin nan, filin tsere ne. Wasali ɗaya ne tsakaninsu. Ni Larabcina na magani ne da cefane da gaisuwa, babu wanda ya taɓa zuwa tagar magani ya yi min zancen tseren mota. Har waya na ɗauka na kira yayata Khalida, ina yi mata alfahari cewa mijina ya fita cikin wannan ruwa don ya sayo wa mahaifiyarsa hulba.

Abin da ya faru bayan nan, daga baya na tattara shi. Ranar ce ake buɗe filin ga masu motocin gida su shiga su gwada gudu, kuma ranar ce ta farko da Ubaidullah zai taka wurin. Masu filin sun yi nasu, tun da sassafe suka aika saƙo cewa duk sabon shiga zai iya ɗage ranarsa zuwa wata mai zuwa. Da yawa sun ɗage. Amma akwai abokinsa Zubair, wanda ya gaya masa cewa ruwa rahama ne, kuma babu malamin tuƙi kamarsa. Shi wannan Zubair, da aka isa filin, a ƙarƙashin rumfa ya zauna yana shan gahawa yana ɗaukar bidiyo.

Na kalli bidiyon sau ɗaya. Duk mai tuƙi a Madina ya san yadda ruwan farko yake, in ya haɗu da mai da ƙurar da suka yi watanni a kan kwalta, titi sabulu yake zama. Ga mutumin da bai san kwanar filin ba ko a bushe, ga tayoyin da rana ta ƙona, ga gilashin da ba a ganin komai ta cikinsa. Duk da haka Gwaggo ta yi zagaye biyu da mutuncinta, a hankali, kamar yadda ta saba. A na uku ya taka ta. Ta shiga wani ruwa da ya kwanta a kwana, ta juya sau biyu, ta bugi tarin tayoyi, ta wuce ta sami bangon siminti da gabanta. Da Zubair ya ruga wurin da wayarsa, robar gilashin na ci gaba da aiki, tana "ƙiii-ƙiii, ƙiii-ƙiii". Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ubaidullah ya fito da targaɗe a wuyan hannu, ba komai bayan wannan. Gwaggo ta ba da gabanta duka ta tsare shi. Da aka kira ni, sujjada na fara yi, kuma har yanzu ina gode wa Allah da gaske, kada wani ya karanta wannan ya zaci wani abu daban.

Marigayiya ta bar ni. Ta bar 'yata Zahra, wadda a kujerar baya ta haddace rabin izu na ƙarshe. Ta bar abokan aikina mata biyu da take ɗauka kowace safiya, waɗanda yanzu sun koma tsayuwar bakin titi tare da ni. Ta bar tayar safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da carbin da ke rataye a madubi, da takalmin Hajiya ƙafa ɗaya da muka yi wata uku muna nema, sai ga shi bugun ya fito da shi daga ƙarƙashin kujera.

Da a nan maganar ta tsaya, da na rubuta cewa kwana ne ya ƙare na ajiye biro. Amma ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna a falo, ni da shi da Hajiya, hannunsa a naɗe.

"Wallahi ban yi miki ƙarya ba," ya ce. "Halba na ce. Ke ce kika ji hulba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ta fi ƙarya ciwo. Sai ya zaro waya ya miƙo min.

"Shufi, duba ki gani. Ni ban tafi haka kawai ba, sai da na nemi shawara."

Zauren masu son motoci ne, da Larabci suke rubutu, irin wanda nake iya karantawa. Ga tambayarsa ta daren Juma'a, ko ya dace sabon shiga ya je ranarsa ta farko alhali an ce za a yi ruwa mai ƙarfi. Mutum goma sha uku suka amsa. Goma sha ɗaya suka ce kada ya je, ya fara koyon filin a bushe. Zubair ya ce ya je. Na ƙarshe ya rubuta cewa in dai ya nace, to kada ya kuskura ya je da motar da ba zai jure rashinta ba. A nan Ubaidullah ya so ya karɓi wayar, amma na riga na ga amsarsa a ƙasa. Kalma uku ce da 'yar fuska mai dariya: "Akwai ta madam."

Hajiya ta ce in karanta mata, na karanta. Ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta jawo sandarta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo.

"To, Ubaidu," ta ce, "ina hulbar?"



Na yafe wa ruwa, aikinsa ya yi. Na yafe wa Zubair, don ban taɓa sa ran hankali daga wurinsa ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, mutumin da nake kwana da tashi da shi ya zauna ya auna motoci biyu, ya tambayi kansa wacce za a iya rasawa, ya zaɓi tawa. Shi ne ya gan ni ina jira shekara tara. Shi ne ya raka ni ranar da na je ɗaukar ta. Ya ce zai saya min wata, sabuwa fil, wadda ta fi Gwaggo komai. Na yarda zai iya. Ban san dai yadda zan sake miƙa masa makulli ba tare da na tambaye shi fassara ba.

Za a ɗauko marigayiya ranar Alhamis bayan la'asar a kan satha, wato motar ɗaukar motoci, a kai ta tashlih, inda ake kwance motocin da suka gama aiki. Ba za a yi salla ba, mun san iyakarmu. An roƙi Zubair ya zauna a gida. Masu son raka ta su taho a hankali, kada kowa ya wuce tamanin.

Zaman karɓar gaisuwa ba a gidanmu na Aziziyya za a yi ba. Za a same ni da Zahra a gidan yayata Khalida, inda muke tun ranar Litinin, kuma ban sa ranar tashi ba. Ubaidullah ya san hanya, motarsa kuma lafiyarta ƙalau.