Manyan Baki

"Lafiya lau, Amarya, sai dai ganinki. Me kika kinkimo haka kamar mai ƙaura?"

Baba Tafireta ke nan yana amsa gaisuwar jikarsa, wadda yake kira Amarya tun tana rarrafe. Shekara talatin yana buga wa mutane takardu a wannan shagon, kuma ya san abin da ke cikin jakar da ta shigo da ita. Ɗansa ya faɗa masa a waya: ga sabuwar kwamfuta nan, yarinya za ta karɓi teburin, shi ya koma gida ya huta. Hutun nan kuwa tsoronsa yake ji.

Ta ajiye sabuwar a gefen tsohuwar kwamfutarsa. Ya gyara tabarau, ya leƙa 'yar takardar da ke manne a jikinta.

"Lamba uku? An cuce ki. Tawa lamba bakwai ce. Ko lissafin ma ba a koya muku yanzu?"

"Angona, bakwai ɗinka zubi na biyu ce, ukuna zubi na goma sha biyu. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba a duba lambarta kawai, sai an tambayi shekarar haihuwa."

"To a gidanmu bakwai ta girmi uku."

"Ta girme ta mana. Shi ya sa take tari. Ji fankarta, kamar kai in ka hau bene."

"Tunani take yi. Taku ce ke magana kafin ta yi tunani, irin mai ita."

"Tunanin da sai mutum ya kunna ta ya je ya yi aski ya dawo?"

A kan tebur akwai aikin wani hedimasta, katin gayyata na ranar ba ɗalibai kyaututtuka, kwafi ɗari, zai dawo karɓa da yamma. Amarya ta ɗauki rubutun hannun ta karanta.

"Mu gwada da wannan. Wanda ya riga fitar da shi, teburin nasa ne."

"In na kayar da ke, sakin ki zan yi."

"Ka saki wa? Wa zai kwashe ka in ba ni ba?"

Suka kunna tare. Tata ta buɗe kafin ya sauke yatsa. Tasa ta yi ƙugi, ta nuna baƙin allo, ta tsaya shawara. Ya ɗan bubbuga gefenta yadda ya saba, ko gezau. Kafin ta gama farkawa, Amarya ta buga katin, ta yi masa ado, firinta ta turo shi waje da ɗuminsa.

Baba Tafireta ya karɓa. An kayar da shi, ya sani, har ya fara tunanin abin da mutum ke yi da safiya in ba shi da wurin zuwa. Sai dai ido ya saba, bai iya riƙe takarda bai karanta ba. A layi na huɗu ya tsaya.

"Amarya, su wa hedimasta ya gayyata?"

"Manyan baƙi."

"Nan dai manyan baki na gani. Shugaban iyayen yara, babban baki na musamman. Matarsa ma an ce babbar bakuwa ce, ita ko me ke nan oho."

Ta fizge katin. Babu ƙugiya ko ɗaya, duk ƙ ta koma k, har ɗalibai sun zama dalibai.

"Maɓallin ne babu a sabuwar."

"A tawa ma ba da shi ta zo ba. Ni na zauna na koya mata, harafi harafi."

"Ai sai ka nuna mini."

"Zubi na goma sha biyu guda? Ta tambayi ƙwaƙwalwarta."

Ta dubi katin, ta tuna kwafi ɗari ta kusa bugawa, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur.

"Na bi, tsoho. Ni zan riƙa bugawa, kai kana dubawa. Zan gaya wa babana sabuwar ba ta aiki sai da kai."

Daɗi ya kama shi, amma bai bari ya hau fuska ba. Ya ja kujerarsa gefe kaɗan, daidai yadda wata za ta shiga.

"Ɗauko waccan ki zauna. Ƙarfe bakwai nake buɗewa, ba uku ba."