Ruwan Rake Kofi Biyu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na'urar awon suga ta tona mini asiri a gaban mutum talatin ba. A 2013 ne, ina digiri na biyu kan lafiyar al'umma a wata jami'a da ke Giza, ƙasar Masar. Bincikena a kan ɗalibanmu 'yan Najeriya ne: yadda suke barin tuwo da miyar kuka su koma farin burodi da shayi mai suga cokali huɗu, ga zama wuri ɗaya kan littafi, da yadda hakan ke kai mutum ga ciwon suga da hawan jini.

Tun ban auna kowa ba na zama mai wa'azi. Duk ɗakin da na shiga sai an ɓoye gwangwanin suga. Har suna aka sa mini, wai Malam Ba-Suga (ni kuma ina ta fasa kai, na ɗauka yabo ne). Abin da ba su sani ba, akwai wani mai matse rake kusa da tashar jirgin ƙasa ta metro da ya san ni farin sani. Ko baki ban buɗe ba yake cika mini kofi.

Wata huɗu ina bin ɗalibai, kowa na tsoron a ɗebi jininsa. Malamata, Doktora Salwa, ta ce in ban samu mutum talatin a zangon nan ba, shi ke nan, sai dai in sake maudu'i. Ga tallafin karatuna ya kusa ƙarewa. Sai da Malam Habibu, dattijon ɗalibanmu da ya shekara goma a Alƙahira, ya sa baki sannan aka yarda. Na kafa musu sharaɗi: daga isha'i kada kowa ya sa komai a baki sai ruwa, har a yi awo da safe.

Ranar na fito maƙogwaro a bushe, sai ga mutumina mai rake yana ɗago mini hannu. Na ce wa raina, ai ni mai awo ne, ba ni za a auna ba. Na sha kofi ɗaya. Na ƙara na biyu (don Allah kada ku tambaye ni dalili). Na goge baki na hau mota.

Na tarar falon gidan ɗalibai ya cika, kowa ya murtuke saboda yunwa. Doktora na gefe da takardunta. Na jera allurai na ce, wa zai fara? Kowa ya kalli na kusa da shi. Can Malam Habibu ya gyara zama.

"Ɗan'uwa, a garinmu mai magani shi ke fara kurɓa a gaban jama'a. Fara da kanka, hankalin kowa ya kwanta."

Na ce ai alluran a ƙirge suke. Doktora ta zaro wasu daga jakarta ta ce, "Akwai ragowa. Yalla, fara."

Na soke yatsa. Lambar da ta fito sai da ta sa Doktora ta cire tabarau. Ta karanta da ƙarfi, ta ce wannan ba sugan mai azumi ba ne. Wani daga baya ya ce, "In dai Malam Ba-Suga ne da wannan, na'urar nan ƙarya take yi." Mutum uku suka miƙe suna neman takalmansu.

Nan na ga digirina na shirin bin su waje. In na yi shiru, na tsira da mutuncina, bincike ya mutu. In na yi magana kuma, kun dai san sauran.

"Na'ura lafiyarta ƙalau," na faɗa da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba. "Ruwan rake na sha a hanya. Kofi biyu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Malam Habibu ya dube ni ya ce:

"Wato mu muna azumin da ba lada, kai kana walima?"

Aka kwashe da dariya, har da masu takalma a hannu. Shi bai yi ba. Sai ya miƙo mini yatsa ya ce, "Na'urar da ta kama mai ita ba za ta yi mana ƙarya ba. Soke."

Duk talatin ɗin na auna su a ranar. Amma Doktora ba ta ƙyale ni ba, ta ce in same ta bayan mako, da azumi na gaske. Awon ya nuna ina bakin gaɓar ciwon suga, ga shi kuwa mahaifina na fama da ciwon nan shekara da shekaru. Ranar kam tsoro na ji, ba kunya ba.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa tudun sai da aka auna shi a bainar jama'a. Yanzu kafin in leƙa kofin shayin wani sai na fara leƙa nawa, kuma har yau in na haɗu da 'yan Alƙahira, Malam Kofi-Biyu suke kirana.