Sarkin Maraba da Teburin Bakin Ƙofa

Garin da Allah ya nufa da alheri yakan samu mutum guda da zai ɗauki nauyinsa ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Mu a Port Lanyon, Desmond Trevaskis aka ba mu. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, mai muryar da ba ta taɓa neman lasifika ba. Rani da sanyi gajeren wando yake sawa da doguwar safa har gwiwa, don jama'a su ga ƙafafun da garin ya dogara a kansu. Da ya sayar da shagonsa na igiyoyi da ƙugiyoyin kamun kifi, sai ya duba ya ga babu mai kula da makomarmu, ya kafa Kwamitin Jawo Sababbin Mazauna. Ya tsaya takarar shugabanci, ya yi nasara a kan kansa, ya yi jawabin godiya.

Mu muka laƙaba masa Sarkin Maraba. Da sunan ya kai kunnensa, sai ya sa aka ɗinka masa shi a goshin hula.

Damuwar Sarkin Maraba ita ce Merrin, garin da ke gaba da mu a bakin teku ɗaya. Ruwanmu ɗaya, kifinmu ɗaya, iskar da ke kwashe mana shanya ita ke kwashe tasu. Amma Merrin cika take yi tana batsewa, makarantunsu na ƙara azuzuwa, mu kuma makarantarmu ta haɗa aji biyu a ɗaki guda. Ya yi dogon nazari a kan wannan, daga barandar gidansa, ya gano dalilai. Gwamnati ta tsane mu. Hanyarmu ta cika kwana. Mutanen Merrin maƙaryata ne, hotunan garinsu duk a rana ɗaya aka ɗauka, ranar da iska ta yi hutu.

Maganin da ya kawo shi ne ƙaguwa. Ƙaton mutum-mutumin ƙaguwa na roba, tsayinsa ya kai bene, a daidai mashigar gari, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Sarkin Maraba ya ce gaisuwa yake yi. Direbobin manyan motoci sun ce ya fi kama da ɗan sanda yana tsayar da mutum.

"Wanda ya ga wannan ƙaguwa bai ji yana so ya tare a garin nan ba," in ji shi ranar buɗewa, "to da ma ba irin mutanen da muke nema ba ne."

Akwai dalili guda da nazarin bai kai gare shi ba, wataƙila don ba a hango shi daga baranda. Kowace Juma'a da yamma garin kan hallara a kulob ɗin masu mirgina ƙwallo a ciyawa, a ci soyayyen kifi da dankali. Teburan da ke jikin taga, inda ake kallon teku, na 'yan gari ne. Dogon teburin da ke bakin ƙofa, inda iska ke shigowa duk lokacin da wani ya fita shan taba, na 'yan zuwan jiya ne. Sarkin Maraba ne mai tsaron wannan al'ada, shi ne kuma mai fassara ta. Hanya biyu ce kawai ta zama ɗan gari: ko a haife ka a asibitin Lanyon, ko ka tsaya da ƙafarka ka binne naka a maƙabartar kan tudu. Kabarin da ka tarar ba ya cikin lissafi. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya ƙara da kansa, shekarar da jikokin wata tsohuwa suka zo hutu daga birni suka zauna a kujerarsa, wai ai kakarsu na tudu.

Ni kaina na daɗe a bakin ƙofa, duk da rabin masu zama a taga ni na koya musu lissafi. Da muka kai ɗanmu tudun, Sarkin Maraba ya zo gida ya yi mana ta'aziyya yadda ta kamata, sa'an nan ya rage murya ya yi mini albishir cewa daga Juma'a mai zuwa an ware mana kujeru a taga. Na gode masa. Na ga alama da zuciya ɗaya ya faɗa.

To, bara tsohon likitanmu mai karɓar haihuwa ya yi ritaya. Hukuma ta aiko da saƙo cewa in ba a samu wani ba kafin watan Yuni, lokacin da sanyi ke shigowa a nan, za a rufe ɗakin haihuwa, kowace mai naƙuda ta kama hanyar Merrin mai kwana-kwanan nan. Cikin masu jiran haihuwa har da Bronwyn, 'yar Sarkin Maraba tilo, da cikin fari.

Likita ɗaya ce ta amsa tallar neman wanda zai maye gurbinsa: Dakta Ishani Gunaratne, mace mai sanyin magana, da mijinta da 'ya'yansu mata biyu. Merrin ma na zawarcinta. Ta ce za ta zo ta ga garuruwan biyu da idonta.

"Baba, don Allah ka bar ma'aikatan asibiti su zaga da ita," in ji Bronwyn.

"Asibiti? Me suka sani game da karɓar baƙo? Je ki huta, 'yar nan. Likitar nan tana hannuna."

A ƙarƙashin ƙaguwa ya tarbe su, ya yi jawabi a kan tarihin gari tun daga jirgin da ya kawo kakan kakansa. Iska ta ɗauke hular ƙaramar yarinyar, uban ya bi ta da gudu, ya dawo ya tarar ba a gama sauke kaya daga jirgin ba.

Dakta Ishani ta tambayi gidan haya. Sarkin Maraba ya yi farin ciki da tambayar. Ya zaga da su unguwar bakin ruwa, ya nuna musu kyawawan gidaje a jere, labule a sauke, ciyawa a gyare.

"Duk waɗannan babu kowa a ciki," ya ce da alfahari. "Na tsofaffin iyalan garin nan ne. Sukan zo hutun Kirsimeti. Ba ma ba da haya, mu ba mabukata ba ne."

Daga nan ya kai su wani fili mai faɗi da tumaki ke kiwo a ciki.

"Nan wani kamfani ya so ya gina benaye na haya. Ni na hana. Da yanzu in na zauna a baranda, wankin mutane zan riƙa gani a madadin teku. Ku je Merrin ku ga yadda suka lalata garinsu, ko'ina yara, ko'ina keken jarirai, mutum ba ya samun wurin ajiye mota."

Likitar ta kalli mijinta. Mijin ya kalli tumaki.

Abin da ya fi kowanne ya ajiye shi ƙarshe. Ya hau da su tudu, ya gabatar da su ga iyayensa da kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, kowa da dutsensa. Babu shakka wurin ya fi ko'ina kyan kallo a garin, kuma shi kaɗai ne unguwar da ke ƙaruwa.

Da yamma aka zo kulob. Bronwyn ta riga kowa zuwa, ta ja kujeru huɗu zuwa teburin taga. Sarkin Maraba ya shigo, ya gani, ya mayar da su bakin ƙofa da hannunsa, yana murmushi irin na mai gyara kuskuren yaro.

"Baba!"

"Al'ada ce. Likita mai ilimi ce, za ta gane."

Aka zaunar da baƙin kusa da Noeline mai gidan burodi, wadda ta shekara talatin tana ciyar da garin ba ta matsa daga wannan teburi ba. Ita ta miƙa wa yaran rigunan sanyi, ta ce, "Ku saka, 'yan mata. Nan kifi ba ya isowa baki da zafinsa."

Sarkin Maraba ya tashi, ya buga cokali a jikin kofi, ya bayyana wa likita al'adar dalla-dalla, don kada ta zaci wulaƙanci ne.

"Kada ki damu, Dakta. Ƙofa a buɗe take. Ga Judith can," ya nuno ni, "ita ma daga nan ta fara, yau ga ta a taga. Haƙuri kawai ake yi, kowa lokacinsa na zuwa."

Dakta Ishani ta ajiye cokalinta.

"Bari in ga ko na fahimta, ranka ya daɗe. Mu an riga an haife mu a wani wuri. Ke nan sai ɗaya daga cikinmu huɗun nan ya mutu, sauran ukun su samu taga?"

"Yauwa! Na ce muku mai ilimi ce."

Ta gode da kifi. Washegari suka wuce Merrin, inda aka ce shugabar asibiti ta tarbe su da mabuɗin gida da sunan makarantar yara, ba a kai su maƙabarta ba ko sau ɗaya. Sarkin Maraba ya kira taron gaggawa na kwamiti, ya sanar da sakamakon bincikensa: iska ce ta kore ta. Ya ba da shawarar a sake wa ƙaguwa fenti.

A watan Yuni aka rufe ɗakin haihuwa. Naƙudar Bronwyn ta tashi ana ruwan sama, mijinta ya tuƙa ta ta duk kwanar da gwamnati ta ƙi miƙewa, ita kuma tana kiran sunan ubanta a kowace kwana, ba don neman albarka ba. Sun isa Merrin lafiya. Dakta Ishani ce ta karɓi yaron, namiji, ƙato, mai murya irin ta kakansa. Aka sa masa Desmond.

Juma'ar farko da mai jego ta iya fita, Sarkin Maraba ya shigo kulob ɗauke da jikansa a kafaɗa, ya sa sabuwar safa. Ya miƙe kai tsaye zuwa taga, yana shelar cewa ga Trevaskis na shida ya zo karɓar kujerarsa.

Noeline ba ta ko tashi ba. Ta miƙa ƙafa ɗaya ta tare hanya.

"Barka, Des. Kai, yaro kamar kai ka yi kaki. A ina aka haife shi?"

Sarkin Maraba ya gyara riƙon yaron a kafaɗarsa.

"Kakanninsa biyar na tudu," ya ce daga baya.

"Tarar da su ya yi. Wa ya ce kabarin da aka tarar ba ya cikin lissafi? Tuna mini, na tsufa."

Masu zama a taga duk suka duƙufa a kan dankalinsu. Bronwyn ta riga ta ja kujera kusa da Noeline ta zauna, tana cire takalmi.

"Kada ka ɓata rai, Des," in ji Noeline, tana matsa masa wuri. "Ƙofa a buɗe take. Ranar da ya tsaya da ƙafarsa ya binne wani nasa a tudu, shi ke nan ya zama ɗan gari. Haƙuri kawai ake yi."

Kowa ya ɗago ya kalli Sarkin Maraba, daga hula har safa, kamar masu auna katakon akwatin gawa.

"Baba, kada ka yi gaggawa saboda mu," in ji Bronwyn. "Miƙo mini gishiri."

Ya zauna da yaron a cinya. Wani ya fita shan taba, ƙofa ta buɗe, iskar teku ta shigo ta sauka a kan gwiwoyin nan masu daraja. Ya waiga ya tambaya, da muryar shugaban kwamiti, ko wane marar tunani ne ya ajiye teburi a wannan wuri.